Sandar Gorar Saje Haladu

Shekara tara ke nan cif da muka kai yayana, Saje Haladu, makwancinsa a ƙauyenmu da ke gefen Doguwa. Duk shekara idan masara ta fara bushewa a gona sai in ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, in yi layi uku na yabo, in yage takardar. Yabon ba ƙarya ba ne. Akwai dai wata magana a ƙarƙashinsa da na daɗe ina zaune a kanta, kuma duk abin da na rubuta ban faɗe ta ba, ni kaina na san wasa nake yi. Bana na ɗauki alkawari ba zan yage ba.

Sunana Sabi'u, malamin firamare ne ni har na yi ritaya. Ni da Saje uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Ya yi shekara ashirin da biyu a aikin soja, kusan rabinsu yana koya wa kurata harbi. Da ya ajiye kaki ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da gwiwa mai ciwo, da kunnen hagu da ba ya ji sosai. Saboda kunnen nan, ko ina kwana zai ce maka sai ka zaci faɗa yake.

Zaman farar hula bai karɓe shi da wuri ba. Ya gwada noma, layin shukarsa a miƙe sambal, amma masarar ta ƙi jin umarni. Ya gwada kai hatsi kasuwar Ƙafin Maiyaki, sai ya zama in ya faɗi farashi sau ɗaya aka taya, ransa ya ɓaci, wai an mai da shi maƙaryaci. Muna yi masa dariya a bayan idonsa, ni ne ma kan gaba. Matarsa Yaya Asabe takan ce mini, “Yayanka fa ko kaji yake ba dawa sai sun yi layi.” Amma na sha ganinsa da hantsi zaune a ƙofar gida, ya goge takalmi tas, ba inda za shi. Mutum ne da ya iya abu ɗaya ƙwarai, kuma ba wanda ke bukatar abin a wurinsa.

Sai ga shekarun da ɓarayin shanu suka addabi ƙauyukan bakin dajin Falgore. Kowa ya shiga ɗaki ya zaro bindigar kakansa, aka kafa ƴan sintiri. Cikin wata biyu wani ya harbe jakin maƙwabcinsa, wani kuma ya rasa babban yatsan ƙafa saboda ya kafa bakin bindiga a kan ƙafarsa yana hira. Ranar da aka wuce da mai yatsan a kan babur, Saje ya bi su da kallo ya ce, “Waɗannan kafin ɓarawo ya iso sun gama da junansu.” Washegari ya sa takalminsa ya tafi wurin dagaci, daga can ya wuce ofishin ƴan sanda. Bai fara komai ba sai da aka rubuta sunan kowane mai bindiga, aka kuma ba shi izini.

A tsohon ramin da aka ɗebi marmara lokacin aikin hanya ya kafa makarantarsa, duk ranar Alhamis da safe. Mako uku na farko ba wanda ya taɓa kunamar bindiga. Karan dawa ya raba wa magidanta, ya ce kowa ya riƙe nasa kamar a ɗure yake. Duk wanda ya juya ya nuna ɗan'uwansa da kara, ko da wasa, ya gama karatun ranar, sai ya kama hanyar gida, ko da kuwa mai furfura ne. Mutanen gari suka sa mata suna makarantar kara. Amma kafin damina ta zagayo sai ga mutane suna zuwa a kan babura daga Tudun Wada, har daga Kiru, ga Fulani daga rugage. A shekara huɗu da ya yi yana koyarwa, ba wanda ya ji ko ƙwarzane cikin waɗanda suka zauna a gabansa.

Bari in ɗan yi bayani saboda mai karatu na birni. Yawancin bindigogin mutanenmu adaka ce, wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a zuba ƙarafa, a danna da sanda. In an ɗura ta ba wata alama da za ka gani daga waje. Mutanenmu kuma ba sa son asarar albarushi. Mutum zai dawo daga daji bai harba ba, ya rataye ta haka nan, wata ya wuce, ya manta. In ya sake ɗuri a kan tsohon ɗuri, bindigar ba gaba za ta harba ba, a hannunsa za ta fashe. Maganin da Saje ya kawo sandar gora ce siririya. Za ka shimfiɗa ta a jikin bindigar daga baki zuwa gindi, ka sa babban yatsa inda ta tsaya, sannan ka zura ta ciki. In ta shige har yatsa, ba komai a ciki. In ta yi saura, akwai ɗuri, sai a je gefe a harba a cikin tudun ƙasa. Ba bindigar da ke shiga ramin nan sai an zura mata sanda.

Ni ya ba aikin sandar. Na ce masa, “Yaya, ni da ko ƙarar bindiga ba na son ji?” Ya ce, “Shi ya sa. Mai tsoronta nake so a bakin ƙofa.” Tun daga ranar nake zama a kan dutse a mashigar ramin, da littafin sunaye da sandar gora. Shekara huɗu ina zura sandar nan a bindigar mai unguwa, da ta limamin wani ƙauye, da ta mutanen da suka haife ni. Har alfahari nake yi a makaranta cewa ba wanda ke wuce ni.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari suna ɗaukar hoto a waya, an rungumi bindiga kamar jariri, bakinta na kallon cikin aboki. A wurin biki a harba sama, mata da yara na tsaye. A ɗora ta a babur a ɗure, ana tsalle a ramukan hanya. Na san ba wa'azi zai yi ba, bai iya ba. Zai nemi kara ne ya miƙa wa mutum. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yawa cikin samarin nan ƴaƴan ɗalibansa ne, iyayensu sun san dokar sanda, sun dai daina koya musu. Dalilin da ya sa suka daina shi ne abin da na zauna rubutawa.

Akwai mutum ɗaya a yankinmu da ya ƙi makarantar kara ƙiri-ƙiri, shi ne surukina, mahaifin matata Hajara. Ko a takardar nan hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba, Baba Maharbi kowa ke ce masa, ni ma haka zan ce. Tsohon maharbi ne na gaske, wanda ya san dajin Falgore tun ana haɗuwa da ɓauna. Yakan ce shi da ya fara harbi tun kafin a yi wa Haladu kaciya, ba wani soja da zai koya masa riƙon bindiga. Tsofaffin maharba da yawa suna kallon bakinsa, tunda bai je ba su ma ba sa zuwa. Wannan abu ya daɗe yana damun Saje, don ya san bindigogin tsofaffin nan su ne suka fi daɗewa a rataye. Sau uku yana zuwa gaishe shi da goro.

Ni kuwa tsakanina da Baba sai gaisuwa daga nesa. Shekara goma sha bakwai ina auren ƴarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a hanya nakan cire takalmi in durƙusa, in da hali ma in sake hanya. Haka muka taso muka ga ana yi, ban kuma taɓa ganin aibin hakan ba.

Wata Alhamis bayan an gama girbi, muna cikin rubuta sunaye, sai na ɗaga kai na ga Baba Maharbi tafe, da doguwar adakarsa a kafaɗa, an naɗe gindinta da jar fata da layu. Na sauko daga kan dutse na durƙusa, na ce, “Barka da asuba, Baba.” Ya amsa, ya tambayi yara. Sandar tana hannuna. Abin da ya rage kawai in ce, “Baba, a miƙo bindigar a auna.” Kalma shida. Bakina ya yi nauyi. Na tuna ana cewa ba mai taɓa bindigarsa saboda abin da ke jikinta. Na tuna mutane talatin suna kallo, suruki zai tsayar da uban matarsa a bakin ƙofa kamar ɗan makaranta. Na kuma gaya wa kaina, mutumin da ya yi shekara hamsin yana harbi ai ba zai yawo da ɗuri bai sani ba. Kaina na ƙasa har ya wuce.

Saje ya yi murna ranar irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya taro Baba, ya shimfiɗa masa buzu a gaba. Darasin ranar a kan awon albarushi ne, sai ya ga hanyar girmama tsohon ita ce ya yi darasin da bindigarsa. Ya roƙa, Baba ya ɗan yi jim, ya miƙa masa. Saje ya karɓa da hannu biyu, sannan ya juyo wajena da muryar nan tasa da ake ji har bakin hanya.

“Sabi'u, ka duba ta Baba?”

Ido ya dawo kaina, har da na Baba. In na ce a'a, dole in taso in zo gabansa in yi abin da na kasa yi a bakin ƙofa, kuma kowa ya san na bar bindiga ta wuce.

Na ce, “Na duba, Yaya.”

Bai ƙara tambaya ba. Shekara huɗu ban taɓa ba shi dalilin ƙara tambaya ba. Ya auna albarushi ya zuba, ya cusa tsumma, yana dannawa da sandar ɗurin Baba, fuskarsa na wajen ɗalibai yana bayani. Ina kallo. Har a lokacin ina da damar buɗe baki, zuciyata na ce mini yi magana, wata na ce mini ai ba komai a ciki. Ya sa kowa ya koma bayansa kamar yadda ya saba, ya fuskanci tudun ƙasa, ya ja kunama.

Ƙarar ba irin wadda muka saba ji ba ce. Da hayaƙi ya washe, Saje na zaune a ƙasa, hannunsa na hagu ya dagargaje, wani ɓallin ƙarfe ya shige shi a ƙasan wuya. Daga baya aka gane akwai ɗurin da Baba ya yi tun farautar bara, ya manta da shi. Ba wanda ya ji rauni sai shi, saboda dokarsa ta komawa baya.

Muka kai shi asibiti a Tudun Wada, daga can aka wuce da shi Kano. Kwana goma sha ɗaya ya yi. A rana ta biyu, da dagaci da jami'an tsaro suka zo jin ba'asi, ina tsaye a bakin gado ina jiran ya nuna ni. Sai na ji ya ce, “Ni na yi ganganci. Bindiga tana hannuna, ban auna ba.” Kunnen mutanen da ke ramin ya ji tambayar da ya yi mini, amma da mai abin ya ɗauki laifi da bakinsa, ba wanda ya sake tono ta. Wasu ma cewa suka yi tsohon ƙarfe ne kawai ya gaji. Ni kuwa na ji wani sanyi a raina, kuma wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Sau ɗaya muka keɓe. Da azahar ne, Yaya Asabe ta fita wanke kwanuka. Ya dube ni ya ce, a hankali, abin da ba halinsa ba, “Sandar tana ina?” Na ce tana gida. Ya ce, “Riƙe ta. Amma ka sani, Sabi'u, sandar nan ba ta da suruki.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Na gane ya sani, na kuma gane dalilin da ya sa ya rufa mini asiri: in gaskiya ta fito, za a ja tsoho ɗan shekara saba'in zuwa ofis, gidana ya rikice, Hajara ta rasa inda za ta sa kanta tsakanin ubanta da mijinta. Na fashe da kuka, na kama ƙafarsa. Ko a nan ban iya cewa Yaya ka yafe mini ba, don faɗin haka yana nufin in furta abin da na yi.

Bayan rasuwarsa makarantar ta watse. An yi Alhamis biyu ana zuwa, ba mai tsayawa a gaba, aka daina. Baba Maharbi bai sake taɓa bindiga ba har ya koma ga Allah bara waccan, kuma har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ko ya tuna ban karɓi bindigarsa a ƙofa ba, Allah ne masani. Ni kuma na rataye sandar a bayan ƙyauren ɗakina, na zama mutumin kirki. Na riƙe karatun ƴaƴan Saje, na gyara wa Yaya Asabe katanga, duk shekara ni ke kan gaba wajen yi masa addu'a. Mutane suna cewa Allah ya ba Haladu ƙane. Duk sanda na ji haka sai in sunkuyar da kai, su zaci tawali'u ne.

Na riƙa gaya wa kaina cewa shirun da nake yi wasiyyarsa ce. Wannan ƙarya ta riƙe ni shekara tara. Abin da ya karya ta ya faru ne a watan da ya wuce. Na je ta'aziyya Badafi, sai na tarar ana jajanta wa wani magidanci da adaka ta fashe a hannunsa, yatsu uku suka tafi. Ɗuri a kan ɗuri ne. Wani dattijo da ya taɓa zuwa ramin marmara ya ce da an zura sanda da hakan bai faru ba. Sai wani saurayi ya yi dariya ya ce, “Wace sanda? Shi mai sandar ba bindiga ce ta ci shi ba? Shi kansa bai bi dokar tasa ba.” Aka yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya lura da ni a wurin. Na zauna da kofin ruwa a hannu na kasa sha. A ranar na gane abin da shiruna ya saya. Yayana ya ba da sunansa don ya rufe ni, ni kuma na bari aka binne aikinsa tare da sunan. Yatsun mutumin nan uku, ina da kaso a cikinsu.

Na fara da gaya wa Hajara. Ta yi kuka, ta ce Allah ya jiƙan Baba, Allah ya jiƙan Yaya, ba ta ƙara ba. Sannan na tafi wurin Yaya Asabe. Na same ta da hantsi tana sheƙar masara a tsakar gida. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, da ta gan ni ta fara, “Mijina na biyu, yau kuma da me aka zo?” Na durƙusa a gabanta kamar yadda nake durƙusa wa Baba, na faɗa mata komai. Ta ajiye faifan. Kaji suka zo suna cin masarar ba ta kore su ba.

Da ta buɗe baki cewa ta yi, “Shekara tara kana zuwa gidan nan kana cin tuwona.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.”

Ta ce, “Ni ban taɓa yarda ya yi ganganci ba, ko rana ɗaya. Mutumin da ko wuƙar yanka albasa ba ya miƙa mini ta wajen kaifi? Ba ni za ka gaya wa ba, Sabi'u. Je ka gaya wa waɗanda suka yarda.”

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga fuskar roƙo ba. Har yau in na je gaishe ta tana amsawa, amma wasan nan ya mutu.

To ga shi ina gaya muku. Ban rubuta wannan don in zagi kunyar suruki ba, tarbiyya ce, da ita aka raine mu, ina kuma son ƴaƴana su san ta. Amma ranar nan ba girman Baba na kare ba, fuskata na kare. Da na ce a miƙo bindiga, iyaka tsoho ya ɓata rai na kwana biyu, a ce surukinsa ba shi da ta ido. Abin da na guje wa ke nan, na ba da yayana a madadinsa.

In aka tambaye ni me ya rage na Saje Haladu, ba gida ba ne, ba gona ba, akwatin ƙarfen ma tsatsa ta cinye shi. Abin da ya rage mutanen nan talatin ne da suka koma bayansa ranar, suna raye da idanunsu da yatsunsu, wasu har da jikoki. Sai kuma sandar gora. Na sauko da ita daga bayan ƙyaure, na je wurin dagaci, na kuma nemi biyu daga cikin tsofaffin ɗalibansa da suka fi ni sanin bindiga. Sun yarda za mu koma ramin marmara in hukuma ta ba da izini, su a gaba, ni a bakin ƙofa. Har yanzu ina tsoron bindiga, tsufa ma ya fara kama ni, amma zura sanda ba ya bukatar ƙarfi.

Ku da kuke Doguwa, da Tudun Wada, da Kiru, da Bebeji, duk wanda ya taɓa jin an ce Saje bai bi dokarsa ba, ina roƙonsa ya kai wannan magana inda ya ji waccan. Allah ya jiƙan yayana, ya sa ya huta. Dokarsa ba ta ci amanarsa ba. Ya tambaya a gaban mutane talatin, da babbar murya, kamar yadda ya koya mana. Ni ne na ce na duba, alhali ban duba ba.